Azumin da Muka Yashe Baraji

Azumin bana a tsakiyar zafi ya same mu. A nan Sokode, tun da hantsi kwanon rufi yake fara ƙas-ƙas kamar ana taka shi, kafin azahar kuwa ko kaza ba ta yarda ta ratsa tsakar gida. Famfo ya kawo yau, gobe ya ɗauke. Dole muka koma sayen ruwan leda, wanda yara ke ce wa sashe, mu lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ya ɗan yi sanyi kafin magariba. In gari ya waye sai ka ga tsakar gida fari fat da ledojin da aka tsotse aka yar.

Wata safiya ina zaune a gindin mangwaro ina tsintar waken ƙosai, sai Mariyama, matar ɗana, ta share su tas, ta tara a kwando, ta nufi lambatun bayan gida. 'Yarta Abiba tana ɗaura takalmin lakwal, za ta makaranta. Ta bar ƙafa ɗaya ba ɗauri, ta je ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, kar ki zuba a can. Mushe, malaminmu, ya ce su ne ke toshe hanyar ruwa."

"Mushen naku ne zai zo ya share mini gida? Matsa ki ba ni hanya. Damina na tafe, ruwa zai tafi da su."

Na ci gaba da tsintata. Amma maganar nan ta ƙarshe ta zauna mini a rai, don da ita na girma, kuma na daɗe ban ji ta ba. Hannuna yana cikin wake, hankalina ya koma Dapaong, wadda mu 'yan zango muke kira Dapango, can inda aka yanke mini cibiya.

Babana mahauci ne. Muna zaune da shi da Inna da uwarsa, Iya Salamatu, da ƙanena Isifu wanda a lokacin bai daɗe da fara tafiya ba. A gangaren bayan unguwarmu akwai wani tafki. Tun asali yana nan, daga baya aka yi masa bango na ƙasa, shi ya sa kowa ke ce masa baraji. A can muke wanki, a can dabbobi ke sha, masu lambun tumatir su yi ban ruwa. Rijiyoyin unguwa ma a kansa suka dogara. In yana da ruwa suna da shi, in ya ƙafe su bi bayansa.

Mu yara mun san shi faffaɗa ne marar zurfi, ruwa iya gwiwa, kuma mun ɗauka haka Allah ya yi shi. In Iya ta ce a zamaninta doki ya taɓa nutsewa a ciki, sai mu sunkuyar da kai mu danne dariya. Akwai wani kwari da ke gangarowa daga gonaki ya ratsa bayan mahauta ya faɗa cikinsa. Duk abin da ba a so can ake kai shi: toka, shara, fasassun tukwane, ƙahoni da kofatai. A zuba, a kaɗe hannu, a ce ruwa zai tafi da shi. Ni ma na sha kai toka can. Ba wanda ya taɓa tambayar ina ruwan zai kai shi.

Shekarar da nake magana, daminar da ta gabace ta ba ta yi albarka ba, rumbuna suka shiga rani da rabin ciki. Da lokacin shuka ya yi, aka yi ruwa guda mai kyau, kowa ya fita da iri. Dawa ta fito, gero ya fito, sai sama ta rufe bakinta. Muna kallo tsiron ya nannaɗe kamar zare, ya yi fari, ya kwanta. A cikin wannan hali aka ga watan azumi, kuma shi ne azumin farko da na ɗauka cikakke.

Zafin Dapango ba irin na Sokode ba ne. A nan akwai gumi. A can iska ce busasshiya mai fitowa kamar daga bakin tanda, duwatsu su sha rana su riƙa mayar maka da ita har bayan magariba. Leɓena ya tsattsage. In na haɗiyi yawu sai in ji maƙogwarona kamar an zuba masa ƙaiƙayi. Da sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka marar mai, da buɗe-baki kunun tsamiya tsararo wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Inna takan ce ta ƙoshi alhali ba mu ga ta ci ba. Shanun da ake kawowa Baba duk haƙarƙari ne a waje, masu sayen nama kuma sun yi ƙaranci, ya fita da safe ya dawo da abin da bai kai ya kawo ba.

Yunwa dai ana daure mata. Ruwa shi ne tashin hankali. Baraji ya ƙafe ƙaf, ƙasansa ya tsattsage kamar tafin tsohuwa, rijiyoyi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Sai mata suka koma tona ramuka a tsakiyarsa. Bayan asuba ni da Inna mu ɗauki tulu mu je mu tsuguna a bakin raminmu, mu jira ruwa ya tsatso, mu kwasa da ludayi kaɗan-kaɗan. Launinsa kamar koko, yana da wani wari kamar na ruɓaɓɓiyar laka. A gida Iya ta daka 'ya'yan zogale ta zuba a ciki ya kwanta, a tace da ɗankwali. Ruwan da aka wanke hatsi da shi za a wanke kwano, wanda aka wanke kwano akuya za ta sha.

Isifu ne ya fara faɗuwa. Gudawa ta kama shi, cikin 'yan kwanaki yaron da ke bin kaji da gudu ya koma kwance a tabarma, idanu sun zurma, in ya yi kuka ba hawaye. Inna ta goya shi zuwa likita, aka ba ta gishiri da sukari na haɗawa, aka ce lallai ta riƙa tafasa ruwa. Ta riƙa tafasawa da karan da muke tsintowa. Ya ɗan farfaɗo, ya sake komawa. Wata rana bayan shan ruwa na ji Baba yana ce wa Iya:

"Iya, in salla ta zo ba ruwa, zan sa su a mota su tafi Sokode wurin 'yar'uwata. Ke ma da ke."

"Ni ba inda za ni. A nan aka kawo ni, a nan za a fitar da ni."

"To yaron nan fa?"

Iya ta ci gaba da yi wa Isifu fifita.

Aka fita roƙon ruwa, manya da yara, har da dabbobi. Bayan an shafa addu'a, dattawa suka zauna a inuwar masallaci, mu kuma 'yan mata muna wucewa da tuluna muna rage tafiya don mu ji. Sai ga Lamboni, dattijon ƙabilar Moba, maƙwabtanmu da ba sa azumi, waɗanda gidajensu ke ɗaya gefen baraji, shi da mutanensa. Ya iya Hausa irin tasu, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Liman, kun roƙi Allah, mu ma mun roƙa. Amma ko ruwa ya zo, ina zai zauna? Da baraji tukunya ne, yanzu faranti ne. Ku tambayi tsohuwa Salamatu, shi ya sani. Yanzu da ya bushe ne za a iya yashe shi."

Liman ya ce, "Gaskiya ka faɗa, amma mutanena suna azumi. Wa zai ɗaga diga a ranar nan bakinsa a rufe?"

Lamboni ya ce, "Ku kama safe, ku kama yamma. Rana tsaka ku bar mana."

Haka aka yi. Daga an sallame asuba maza su sauka da diga da garma da felu. Mata da 'yan mata mu jeru tun daga cikin rami har kan bango, daro ya biyo layi daga kai zuwa kai. Tsofaffi suna zaune a sama suna nuna inda za a zuba: baƙar laka a tara gefe guda don a kai gona, jan yashi kuma a ƙara wa bango kauri. Ƙananan yara suna tsince gwangwani da kasko. In rana ta take, mu hau mu nemi inuwa, su Lamboni su sauka. Abin da ban manta ba, ba su taɓa shan ruwa a gabanmu ba. In ƙishirwa ta kama mutum sai ya ɗauki gorarsa ya zaga bayan bango. Da la'asar mu karɓe su. Matar Lamboni, Yendube, takan zo da ƙwarya cike da nunannun kaɗanya ta ajiye wa Inna, ta ce, "In rana ya faɗi ku ci." Sau da yawa da su muka buɗe baki. Zaƙinsu yakan sauka har cikin ƙashi.

Gammona ya cinye mini gashin tsakar ka. Akwai ranar da na ga duhu ya rufe ni ina tsaye a layi, na farka na ga Yendube tana yi mini fifita da bakin zanenta. Inna ta ce in karya azumin, na ƙi, don kada sa'o'ina su ji.

Tun muna tono da wasa da waƙa, har abin da ke fitowa ya katse mana waƙar. Sama-sama jan yashi ne, ƙasar gonakinmu da ruwa ya yi ta kwasowa shekara da shekaru. Ƙarƙashinsa toka da tsummoki da fasassun kwalabe. Sai ƙahoni. Diga ta sauka ta ce ƙwas, a zaro ƙaho, a sake sarawa a zaro wani. Aka tara su tsibi guda har ya fi ni tsawo. Kowa ya san daga inda suka fito. Baba ya tsaya yana kallon tsibin, gumi yana ɗiga daga gemunsa, sannan ya tofa yawu a hannu ya koma sara.

Wata yamma, wajen gefen gabas, wani saurayi ya ce ya ci karo da dutse. Ramin a wurin ya kai ƙirjin namiji. Suka share kansa, sai ga wani faffaɗan dutse baƙi, sumul, tsakiyarsa ya ɗan lotsa. Iya tana sama ta hango. Ta ce a riƙe ta ta sauka. Ni da Baba muka kama ta har ƙasa. Ta durƙusa ta shafa shi da tafin hannu, kamar mai shafa kan jariri.

"Adiza," ta ce da ni, "a kan dutsen nan na wanke tsumman ubanki. A bakin ruwa yake. Nakan zauna a nan, ƙafafuna a ciki, ba sa taɓa ƙasa."

Na ɗaga kai na dubi bakin ramin da ke sama da kaina. Duk wannan ƙasa a kansa take, kuma a kanta na yi wasa tun ina rarrafe. Ranar na daina yi wa maganar doki dariya.

Iya ta nuna gangaren da sandarta. "Daga can zuwa can giyayya ce da ɓaure da marke. In kana wanki rana ba ta ganinka. Ruwa in ya taho sai ya ratsa saiwoyi da ciyawa, ya iso a hankali. Yanzu fa? Ko sandar kora akuya babu."

Baba ya ce, "Iya, da itacen nan aka yi banda, da shi aka gasa tsire, da shi aka rufa ɗakuna. Da shi na ciyar da ku."

"Ban ce ba ka ciyar da mu ba, Bukari. Na ci, na gode. Ni ma na dafa tuwo da shi. Amma ga ɗanka can kwance."

Baba ya ɗauke ta cak kamar yarinya ya hau da ita.

Azumi ya raba tsakiya, ya gangara, sannan hadari ya haɗu. Da la'asar ne, muna cikin rami. Iska ta juyo da sanyi, gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa. Ɗigon farko da ya faɗo mini a wuya sai da na zabura. Muka hau bango da gudu, mata suna guɗa, maza suna kabbara, mutanen Lamboni suna tsalle. Na rufe bakina gam don kada ruwa ya shiga ya karya mini azumi, amma na buɗe hannuwana na bar shi ya dake ni.

Murnar ba ta daɗe ba. Wani ya yi ihu ya nuna kwari. Ruwa ne ja wur yake gangarowa da ƙarfi, ɗauke da yashi da shara da sauran ƙahonin bayan mahauta, yana zubawa cikin ramin da muka ci wuya muka tona. Muna tsaye muna kallo ba abin da za mu iya. Da safe aka tarar da sabuwar laka ta kwanta a ƙasa, ta kusa rufe dutsen Iya. Wasu samari suka yar da felu, suka ce aikin banza ne, gara a bari.

Lamboni ya zo ya duba, ya ce, "Ba a bari. Mu a gindin dutse muke noma, mun san halin ruwa. Ba a tare shi, rage masa gudu ake yi."

Sai aiki ya koma kwari. Muka riƙa ɗauko marmara daga tudu, ana jera su layi-layi a gicciye, daga sama har ƙasa, yadda ruwa zai tsaya ya ajiye ƙasar da ya ɗauko kafin ya wuce. Bayan kowane layi tsofaffi mata suka dasa ciyawar jema da gamba da suka tono daga fadama. Yara aka ba su 'ya'yan ɓaure da rassan da za su kafa, kowa da nasa, aka ce wanda akuya ta cinye nasa shi da Iya. Baba kuwa ba wanda ya aike shi. Ya tara mahauta, suka kwashe bayan mahauta tas, suka haƙa rami can nesa a kan tudu. Daga ranar duk yaron da ya jefa ƙaho a kwari ya san abin da zai tarar.

Ruwa na biyu ya zo ana gab da salla, ya kwana yana zuba. Da gari ya waye duk unguwa ta tafi gani. Bayan kowane layin dutse jan yashi ya taru ya kwanta, ruwan da ya isa baraji kuwa ya shiga da sauƙi. Ba zan ce garai yake ba, amma ya zauna, mai zurfi, yana ƙyalli. Bayan 'yan kwanaki guga ta fara dawowa da nauyi a rijiyar unguwa. Inna ta ɗebo, ta tafasa, ta ba Isifu. A hankali cikinsa ya tsaya. Ranar jajibere yana kwance ya ga ina cin kaɗanya bayan shan ruwa, ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni." Inna ta ajiye muciya ta shiga ɗaki, muka ji tana kuka. Iya ta ce a ƙyale ta, na daɗi ne.

Ba wanda ya ɗinka sabon kaya a sallar nan. Tsofaffin muka kai baraji muka wanke a kan dutsen Iya, ana layi, kowa yana so ya taɓa. Aka sake shuka da irin da aka samu, wasu na aro, wasu na kyauta. Amfanin bai yi yawa ba, mun ci ganye mun ci tafasa kafin sabon gero ya nuna. Amma Baba bai sake maganar mota ba. Sokode sai daga baya na zo ta, da aure, da guɗa.

Wannan labari na ba Mariyama da Abiba da yammar ranar, muna suyar ƙosai. Ban ce wa kowa ya yi daidai ko bai yi ba. Abiba ta yi ta tambaya ko dokin ya fita. Mariyama tana juya ƙosai ta ce, "To Inna, ina za mu kai su? Masu kwasar shara sai sun ga dama suke zuwa." Gaskiyarta ce, a zamaninmu toka da ƙaho ne, ko ba daɗe ko ba jima ƙasa tana cinye su. Leda kuwa ko akuya ta haɗiye ta sai ta kashe ta. Muka rataye tsohon buhu a bakin madafa muna tarawa. Ranar da samarin unguwa suka fito yasar lambatu, Mariyama ce ta fara fita da felu, tana mita tana kwasa. Da ruwan farko ya sauka mana, ya bi hanyarsa ya wuce, bai shigo mana zaure ba kamar bara.

Arewa kuwa ruwa ya yi jinkiri, har na fara kwana da tunani. Shekaranjiya da almuru waya ta yi ƙara, Isifu ne. Yanzu shi ke riƙe da wuƙar Baba, gemunsa ya yi fari, kuma duk shekara kafin damina shi ke tara mutane su gyara layukan dutse.

"Yaya, ruwa ya sauka! Tun azahar ake yi, yanzu ya ɗauke."

"Alhamdu lillahi. Baraji fa?"

"Ya kama. Amma bari in gaya miki, autana ya hana ni sakat. Wai kada in ƙara sa wa mutane nama a baƙar leda, in koma takarda da ganye. Ni da na tsufa ina gyaran baraji, yau ɗan da na haifa ke yi mini karatu."

"Ka bi shi a hankali. Kai ma an yi haƙuri da kai."

Ya yi dariya, ya ce, "Tsaya, kar ki kashe. Ina kan bango yanzu. Saurara."

Ya juya wayar. Da farko iska kawai na ji. Sai kuma ga su, kwaɗi, kamar duk na duniya ne suka taru, manya da ƙanana, kowa da muryarsa. Na kira Mariyama da Abiba, na ɗora wayar a kan tabarma, muka kewaye ta mu uku. Tuwo yana kan wuta yana neman kamawa, ba wadda ta tashi.